Kunnen Aro a Arlit

Da aka kai ni Arlit, abin da na sani game da maigidana shi ne mutumin Maraɗi ne, mai gyaran wuta a kamfanin ma'adinai, kuma an ba shi gida a unguwar ma'aikata mai famfo da kuran, wato wutar lantarki. Duk gaskiya ne. Abin da ba wanda ya faɗa mini tun a Damagaram shi ne rabin falon gidan na tarkace ne: matattun rediyoyi, ƙulle-ƙullen waya, da gwangwanaye cike da ƴan mitsi-mitsin abubuwa masu ƙafafu. Washegarin zuwana na ɗaure ɗankwali, na tattara su kaf a kwando zan kai bola. Ya sauko daga motar ma'aikata ya tarar da ni a bakin ƙofa. Bai yi faɗa ba. Ya karɓi kwandon da hannu biyu ya ce, "Sannu da aiki, ƴar Damagaram, amma waɗannan ba su mutu ba tukuna." Ya zauna a ƙasa yana tsince su ɗaya bayan ɗaya har aka kira magariba.

Lokacin kuɗin uraniyom ne, gari yana tashe. Kullum sai ka ga sabuwar rumfa a kasuwa, Kanawa da Katsinawa da Sakkwatawa sun cika ta da atamfa da agogo da kayan sauti. Duk ma'aikacin da ya karɓi albashi sai ya saɓo ƙatuwar rediyo mai kaset a kafaɗa, idan ta yi tari sau ɗaya ya jefar ya sayi wata. Maigidana shi ne mai bin bayansu. Akwai wani Bakano mai tebur a bakin kasuwa da yake ajiye masa matattun, yana yi masa kallon wanda zafin rana ya taɓa.

Daga cikin waɗannan gawarwakin yake haɗa nasa. Ba irin rediyon jin labarai ba, a'a, rediyon da mutum zai aika saƙo da ita a ji shi a wata ƙasa, a kuma mayar masa da amsa. Wani tsohon Bature da suka yi aiki tare ne ya koya masa, kafin ya koma gida. Na'urar aikawar a cikin gwangwanin sardin ya gina ta, wallahi gwangwanin da ni na buɗe da hannuna muka ci da burodi. Ta karɓa kuma a gwangwanin biskit. Ya roƙi ƙwarƙwaron zarena da ya ƙare, ya naɗa masa siririyar wayar jan ƙarfe, yana naɗi yana motsa leɓe, idan na yi masa magana a tsakiya sai ya warware ya sake daga farko. Yakan kankare bakin waya da reza, ya ɗiga dalma, ya busa, ya ɗaga ya duba a hasken taga. Hannuwansa manya ne, duk kanta, amma idan ya riƙe waɗannan ƙananan abubuwa ko rawa ba sa yi. Ina son kallonsa a irin wannan lokaci, ko da yake a lokacin da za a yanka ni ba zan faɗa ba.

Abin ba ya ɗaukar murya. Ƙara kawai yake fitarwa, gajere da dogo, gajere da dogo, kowane harafi da irin kiɗansa. Madannin da yake bugawa da shi guntun zarton ƙarfe ne, ya liƙa masa maɓallin tsohuwar riga a kai. Doguwar waya kuma ta tashi daga rufinmu zuwa wani ƙarfe da ya kafa a jikin katangar maƙwabci. Batirin tocila yake sa wa na'urar, kuma wutar da take ci ba ta wuce ta ƙwan tocila ba. Zamanin soja ne, sai da ya sha zirga-zirgar takardu har Yamai kafin a ba shi izini. Jandarman da aka turo ya duba kayan ya shigo da fuska a murtuke, da aka nuna masa gwangwanin sai ya yi dariya har ya cire hula. Sharaɗin dai ɗaya ne, ba mai taɓa madannin nan sai mai takarda, kuma ban taɓa taɓa shi ba.

Maƙwabcin namu mutumin Tawa ne, direban manyan motocin da ke kwaso dutse daga rami, ga baki ga barkwanci. Yakan leƙo ta kan katanga ya ce, "Malam, mi kake nema cikin wanga gwangwani? Ga kuran kyauta cikin gida! Ka sa mai wuta da ƙarhi, a jiya ka har Makka." Maigidana sai ya yi murmushi ya ce ai kowa ya iya ihu. Shi abin da yake so shi ne ya ga iyakar inda ɗan ƙaramin abu zai kai idan an gina shi daidai. Kuma yana kaiwa. Bayan la'asar, idan rana ta yi sanyi, ya zauna ya sa abin ji a kunne ya yi kira, sai ka ga ya juyo yana cewa yanzu ya gaisa da wani a ƙasar da ƙanƙara ke zuba. Ni kuma in ce to, madalla, ƙanƙarar ta zo ta tace mana koko.

Masu irin wannan abu a ƙasarmu ba su da yawa a lokacin, saboda haka duk duniya neman mu ake. Da zarar ya buga alamarsa, wato haruffan da aka san shi da su a iska, sai su taso masa a tare kamar kaji an watsa tsaba. A nan ne yake da wata ɗabi'a da na daɗe ban gane ba. Masu ƙarfin nan da suke cika kunne, ba ya fara amsa musu. Sai ya runtse ido, ya karkata kai, ya yi ta laluben wanda ya fi kowa rauni, can ƙarƙashin hayaniyar, shi zai fara kira. Wani lokaci ya ɓata rabin yammaci a kan mutum guda, yana ce masa sake, sake, har ya kama alamarsa duka. Na taɓa tambayarsa dalilin wannan wahala. Ya ce, "Ni ma haka nake isa kunnen mutane. Duk wanda ya taɓa amsa mini, haƙuri ya yi ya tono ni. Mai babbar na'ura ko ban amsa ba wani zai amsa masa." Tun daga ranar na daina tsokanarsa da zancen koko.

Aikinsa a kamfani kusa da injin niƙa dutse yake. An ba su abin toshe kunne, amma shi da kunne yake gane ciwon inji, sai ya cire ya saurara, ya manta bai mayar ba. Shekaru suna tafiya, na fara lura ina magana yana yi mini kunnen uwar shegu. In kira shi daga madafa ba amsa, in zo in tsaya a kansa in ce, "Malam, wai ni ba mutum ba ce?" Ya ɗago da mamaki ya ce yaushe na yi magana. Na yi fushi, na yi gaba, har yaji na kusa yi. Sai ranar da ƙaramar ƴarmu ta faɗo daga gado tana tsala kuka a ɗakin da ke bayansa, shi ko gezau, sannan na gane ba raini ba ne, kunnen ne. Likita ya duba ya ce abin da ya tafi ya tafi, sai dai a tsare saura.

Ya yi iya dabararsa. Ya ƙara wa na'urar karɓa wani sashe don ta ƙara sauti, ya sauke ƙarar ta yi kauri don ya ce siririyar ce ta fara guje masa. Amma idan ka ƙara sauti, shuuu ɗin iska ma ƙaruwa yake tare da shi. Abin ji ɗin ya koma yana ihu har ina jin sa daga inda nake zaune.

Wani yammaci ina tsintar shinkafa a bakin ƙofar falo, ya yi kira, masu ƙarfi suka amsa, ya sallame su. Ya sake kira, ya saurara, ya sake, sannan ya cire abin jin ya ajiye a tebur ya ce yau ba kowa. Ni kuwa ga shi ina jin wani, siriri, yana ta nanata abu guda. Ban yi tunani ba na ce, "Akwai mutum mana." Ya ce me na ce. Na matso na buga masa da yatsa a bakin faranti, yadda nake ji, gajere da dogo. Ya zuba wa yatsana ido, leɓensa na motsi. Ya karanta alamar mutumin a yatsana tsaf. Na ɗauka zai yi murna. Sai na ga fuskarsa ta sauya, ya tambaye ni ko na saba jin irin wannan. Ni da bakina da ba ya riƙe magana na ce ai kusan kullum, na zaci dai ya gaji da su ne.

Bai ci tuwon kirki ba ranar. Kwana biyu bai kusanci teburin ba, a na uku na ji shi yana ce wa maƙwabci ya ara masa tsani ran Lahadi zai sauke wayar. Na fito da ludayi a hannu na ce wace waya. Ya ce, "Kira nake yi ina tara mutane, sannan in amsa wa masu ƙarfi in bar marasa ƙarfi suna ta bugawa a banza. Gara a san ba kowa a nan." Kai, raina ya ɓaci! Ba don wayar ba, ni me ta tsinana mini ban da hana ni shanya mai kyau. Na san dai idan wayar nan ta sauko, mutumin da zai rage mini a gida ba shi ne wanda na sani ba. Na ce, "To ni kunnena ado ne? Kai ka buga, ni in ji maka." Ya ce ban san harafi ko ɗaya na abin ba, ban ji Faransanci ba balle Ingilishi. Na ce ai ba karantawa zan yi ba, miƙa masa zan yi yadda ya zo.

Haka muka fara. Ya kwance ɓari ɗaya na abin jin ya ba ni, ya riƙe ɗaya. Yakan naɗe hannun rigarsa na hagu ya shimfiɗa dantsensa a tebur. Gajere in ɗan taɓa da kan yatsa, dogo in danna in ja. Da farko shi yake bugawa a gida ba tare da aikawa ba, ni ina mayar masa a fata, yana gyara ni. Ban sha wuya sosai ba. Wadda ta tashi tana lugude da ƴan uwanta a turmi guda ta san yadda ake jin taɓaryar wani a cikin ta wasu. Abin da ya ba ni wuya shi ne zama shiru, da kuma tuwona da ya kama sau da yawa. Da muka koma kan iska, sai ya zama shi ne mai kira da amsa, ni ce mai tono na ƙasa, yana rubuta haruffan da hannun dama yayin da suke sauka a hannun hagu. Tsanin dai ba a aro ba.

Mun yi watanni a haka, ya dawo da cin abinci, har ya fara haɗa wata sabuwa a gwangwanin shayi. Ni kuma abin ya shige ni. Gaisuwarsu kusan iri ɗaya ce kullum, da yadda ake cewa na ji ka, da yadda ake sallama, duk na haddace kiɗansu ko da ban san me suke nufi ba. Ina wanke-wanke sai in tsinci yatsana yana buga su a gindin kwano. Ashe yana gani.

Maƙwabcin ne ya ƙarasa ɓata lamarin, kuma na tabbata ba da mugun nufi ba. Ya shigo wata rana ya same mu a zaune, ya kwashe da dariya ya ce, "Malam, kai dai ka yi sa'ar mata! Ko babu kowa cikin iska ta samo ma mutum. Wa ya sani ko ita ka ta yi ma hira?" Na ce masa ya je ya ji da motarsa. Maigidana ya yi dariya shi ma, amma dariyar ba ta kai ciki ba.

Bayan ƴan kwanaki, ana gab da magariba, ya yi kira aka taso. Can ƙasa na ji wani, rauninsa ya wuce duk wanda na taɓa ji, yana zuwa yana ɓacewa. Na riƙe numfashi na fara sauke masa a dantse. Ya rubuta alamar, ya danna nasa ɓarin a kunne da ƙarfi, ya juya maɓallin sauti har ƙarshe. Bai kai hannu ga madanni ba. Ya ajiye fensir ya dube ni ya ce, "Ƴar Damagaram, tsakaninki da Allah. Akwai mutum, ko tausayina kike ji?"

Na ce, "Au! Ni zan bar girkina in zo in zauna ina ƙaga maka Turawa? Ni ce ma maƙaryaciyar?" Ya ce bai ce haka ba. Ya ce ya ga na haddace komai, kuma shi ba abin da yake ji sai iska, idan ma da bango yake gaisawa duk watannin nan ba yadda zai sani. Ya faɗi haka a hankali, idonsa a kan tebur. Na so in tashi in bar masa kayansa. Abin da ya zaunar da ni shi ne bawan Allahn nan yana can yana ta kira a kunnena, bai san rigimar da ake yi a kansa ba. Na ce, "Mutum yana jira. Ka tambaye shi abin da ka ga dama."

Ya jawo madannin. Ya yi bugu mai tsawo wanda ban taɓa jin irinsa ba, daga baya ya ce mini tambayarsa ya yi da wane irin abu ya gina zuciyar na'urarsa, da yadda ya naɗa wayarta. Sannan ya saki, ya shimfiɗa hannu.

Shiru. Iska kawai, shuuu. Na ce a raina shi ke nan, idan mutumin nan ya ɓace yanzu na zama maƙaryaciya har abada. Sai ga shi ya ɗago, a hankali, yana bugawa daki-daki kamar ya san da wahala ake jin sa. Ba gaisuwa ba ce, ba sallama ba ce, wani dogon kiɗa ne da ban san kansa ba balle gindinsa. Na bi shi. Don haushi da ƙarfi nake dannawa, har farcena yana barin shaida a fatarsa, bai janye ba. Mutumin ya nutse, na ɗaga yatsa, maigidana ya buga masa ya sake, ya sake ɗin. Fensir yana tafiya, yana tafiya, sai ya tsaya.

Ya daɗe yana kallon abin da ya rubuta. Ya nuna mini wasu haruffa haɗe da lambobi, ya ce sunan wani sabon ƙaramin abu ne da ko shi bai taɓa riƙe irinsa ba, a mujalla kawai ya taɓa gani. Ya ce wutar mutumin ba ta kai rabin tamu ba, a saman bene yake zaune a wani gari mai sanyi, wayarsa a jikin taga ya rataye ta. Ya sa yatsa a layin ƙarshe. Wai mutumin ya ce ya daɗe yana jin kiranmu yana amsawa, tun bara, ba a taɓa jin sa ba sai yau.

Ya mayar masa da amsa. Suka yi sallama, na sauke masa sallamar a dantse, wannan kam na san ta. Daga nan ya cire nasa ɓarin daga kunne, ya karɓi nawa, ya ɗauko ɗan sukudireba ya mayar da su biyun jikin maratayinsu yadda suke tun asali. Ya miƙe tsaye ya sa mini a kai da kansa, ya gyara mini ɗankwali a ƙarƙashi don kada ya matse ni. Bai bar wa kansa komai ba. Na ji tausayinsa ya kama ni har na rasa inda zan sa idona, don na san me ya ajiye a wannan lokacin.

Ya ce, "Ki yafe mini."

Na ce ban gama fushi ba tukuna, sai na huce.

Ya ce to, ya ji. Ya koma ya zauna, ya sake naɗe hannun rigar da ya zame, ya shimfiɗa dantsen a gabana duk shaidar farce. Ya ce, "Kafin ki huce, duba mini. Akwai wani a ƙarƙashinsa?"

Na runtse ido na saurara. Akwai.